Kar98k Ta Gaskiya: Yadda Mafarauta Ke Gyara Saitin Tsohuwar Bindiga Mai Sakata

Duk wanda ya taɓa buga PUBG Mobile ko Free Fire ya san Kar98k. Ita ce bindigar da in ka tsince ta, ka kuma samu madubin hange mai ninki takwas, sai ka ji kamar wasan ya zama naka. A cikin wasa lissafin mai sauƙi ne. Ka ɗora alama a kan abu, ka ɗan ɗaga saboda nisa, ka danna, harsashi ya tafi inda manhaja ta tsara masa. Kar98k ɗin da ka tsinta yau da wadda ka tsinta jiya duk halinsu ɗaya.

Ta ƙarfe da katako ba haka take ba. A Amurka, da Jamus, da Afirka ta Kudu akwai mafarauta masu lasisi da har gobe suke fita da irin wannan bindiga, wasu ma gadonta suka yi daga kakanni. Bindiga ce da ta haura shekara 80, kuma babbar tambayarsu ita ce: me ya sa in na harba sau biyar a wuri ɗaya, ramukan suke warwatsewa, kuma me zan gyara? Hanyar da gwanayensu ke bi wajen amsa wannan tambaya ta yi kama sosai da yadda muke farautar kuskure a cikin manhaja, shi ya sa na ga ya dace mu yi darasi a kai.

Kafin mu shiga, kalma ɗaya game da doka. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na ƙashin kai irin su bindigar farauta waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai kuma irin su bindigar toka. Riƙe kowace daga ciki ba lasisi laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Abin da za mu tattauna a nan ilimin yadda na'urar ke aiki ne, da yadda masu ita a ƙasashen da aka ba su izini suke auna ta.

Daga ina ta fito?

Asalinta bindigar Gewehr 98 ce, ƙirar Paul Mauser, wadda sojojin Jamus suka karɓa a 1898. A 1935 aka fitar da gajeriyarta, Karabiner 98k, mai bututu tsawon santimita 60 da ma'ajiyar harsashi biyar. An ƙera sama da miliyan 14 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945. Ana ce mata mai sakata ne saboda yadda ake sarrafa ta ya yi kama da sakatar ƙofa: ka ɗaga mariƙi, ka ja baya kwanson da aka harba ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga, ka sauke mariƙin ya kulle.

Bayan yaƙi, sojojin Amurka sun koma gida da su da yawa, 'yan kasuwa kuma suka riƙa shigo da rarar makaman soja suna sayarwa da araha, har zuwa 1968 lokacin da wata dokar Amurka ta taƙaita wannan ciniki. Talakan mafarauci da ba zai iya sayen sabuwar Winchester Model 70 ba, sai ya sayi tsohuwar Mauser, ya rage mata katako, ya ɗora mata madubi, ta zama bindigar farautar barewa. Wasu ƙwararrun maƙera ne suka yi musu wannan aiki, wasu kuma a garejin gida aka yi da zarto. Irin waɗannan ne yau jikoki suke ƙoƙarin gyarawa.

Da farko, me ake nufi da saiti?

Abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya. Na farko shi ne ramukan harsashi su taru kusa da juna. Na biyu shi ne taron nasu ya faɗa tsakiyar abin da aka auna. Ka tuna shuɗin ɗigon nan na Google Maps. Wani lokaci yana tsaye cak amma ya nuna ka a gidan maƙwabci, wani lokaci kuma yana ta tsalle-tsalle kewaye da gidanku. Matsala ta farko mai sauƙi ce a bindiga, domin madubin hange yana da maɓallai biyu na murɗawa, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Matsalar tsalle-tsalle ita ce aikin, kuma ita ce batunmu.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri ɗaya. Tun da kusurwa ce, faɗinta yana ƙaruwa da nisa. A mita 100, MOA ɗaya santimita 2.9 ne. A mita 200 ya zama 5.8, a mita 300 kuma 8.7. Amurkawa suna son sa ne saboda a yadi 100 ya yi kusan daidai da inci ɗaya. Idan mutum ya ce bindigarsa tana yin MOA 2, yana nufin tazarar da ke tsakanin ramuka biyu mafi nisa da juna ta kai wajen santimita 6 a mita 100.

Yaudarar harbi uku

Nan ne na fi so mu daɗe, domin nan ne kuɗin mutane ke zubewa. Mutum zai harba uku, ya auna, ya sauya wani abu, ya sake harba uku, ya ga taron ya ƙanƙance, sai ya ce gyaran ya yi aiki. Sau da yawa sa'a ce kawai.

Ba ka buƙatar bindiga don ka gane haka, wayarka ta isa. Sauke Pydroid 3 ko Termux ka rubuta wannan:

import random, math

def fadi(n):
    p = [(random.gauss(0, 1), random.gauss(0, 1)) for _ in range(n)]
    return max(math.dist(a, b) for a in p for b in p)

for n in [3, 5, 10, 20]:
    print(n, sum(fadi(n) for _ in range(5000)) / 5000)

Abin da manhajar ke yi shi ne ta ƙirƙiri bindiga ta ƙarya wadda halinta ba ya sauyawa ko kaɗan, ta harba sau 3, sau 5, sau 10, da sau 20, ta maimaita kowanne sau 5000, sannan ta fitar da matsakaicin faɗin taron. Za ka ga lambobi kusa da 2.4, da 3.1, da 3.8, da 4.5. Bindiga ɗaya ce, ba a taɓa mata komai ba, amma taron harbi goma ya fi na harbi uku faɗi da fiye da rabi. Dalili shi ne duk lokacin da ka ƙara harbi, ka ƙara wa harsashi ɗaya damar ya kauce. Saboda haka in wani ya ce bindigarsa tana yin MOA 1, tambayar farko ita ce: a harbi nawa?

Yanzu cire layuka biyu na ƙarshe, ka sa ta buga fadi(3) sau ashirin a jere. Za ka ga wani ya fito 1.2, wani 3.9, wani 2.5. Da a filin harbi ne, wanda ya samu 3.9 da farko, ya ɗaure noti ɗaya, sannan ya samu 1.2, zai rantse cewa ya gano sirri. Alhali babu abin da ya sauya.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Frank Grubbs, masanin ƙididdiga da ya yi aiki a cibiyar binciken harsasai ta sojojin Amurka da ke Aberdeen a jihar Maryland, ya wallafa littafi a 1964 a kan yadda ake auna warwatsuwar harbi, kuma irin waɗannan lambobi suna cikin aikinsa. Mujallar American Rifleman ma idan za ta gwada bindiga, rukuni biyar take harbawa a jere, kowanne harbi biyar, ta ɗauki matsakaici. Akwai kuma ma'aunin da ya fi faɗin taro inganci, wato a nemo tsakiyar taron, a auna nisan kowane rami daga nan, a raba. Faɗin taro ramuka biyu kawai yake dubawa ya watsar da sauran, shi kuwa wannan yana amfani da duka. Da can lissafin yana da wahala da hannu. Yanzu akwai manhajoji irin su Range Buddy a waya da OnTarget a kwamfuta: ka ɗauki hoton takardar, ka nuna wa manhaja wani tsayi da ka sani don ta gane ma'auni, ka taɓa kowane rami, ta ba ka amsa.

Don haka matakin farko ba gyara ba ne, awo ne. A ɗora bindiga a kan buhunan yashi bisa tebur mai ƙarfi, a harba aƙalla goma zuwa ashirin da harsashi iri ɗaya, ana barin bututu ya huce, a rubuta sakamako. Daga nan sai a sauya abu ɗaya tak, a sake aunawa. Duk wanda ya taɓa gyara layi goma a manhaja lokaci ɗaya, kuskure ya ɓace, bai san wane layi ne ya yi maganin ba, ya san dalilin wannan ƙa'ida.

Abubuwan da ba sa cin kuɗi

A fara da notuna. Notuna biyu ne ke riƙe ƙarfen Mauser a cikin ƙotarta ta katako, sannan ga na gindin madubi da na zobban da ke riƙe shi. Katako yana matsewa a tsawon shekaru, noti ya saki ba tare da an lura ba, sai ƙarfe ya riƙa ɗan motsi a kowane harbi. Ana ɗaure su ne da sukurudireba mai ma'aunin ƙarfin ɗauri, a bi adadin da kamfanin da ya ƙera zoben ko ƙotar ya faɗa, domin wuce gona da iri yana murƙushe katako ko ya lotsa jikin madubi.

Sai madubin kansa. Tsohon madubi yana iya lalacewa daga ciki, alamar ta riƙa zamewa duk lokacin da bindiga ta yi tokari. Gwajin mai sauƙi ne, a aro wani da aka tabbatar da lafiyarsa a ɗora. Kamar dai yadda in waya ta ƙi caji, kafin ka kai ta wurin mai gyara za ka fara jarraba wata wayar caji. Akwai kuma ruɗin ido: idan ka motsa kanka kaɗan alhali bindiga tana tsaye, ka ga alamar tana yawo a kan abin da ka auna, to inda ka aza kuncinka zai riƙa sauya inda harsashi ke faɗawa. Maganinsa aza kunci wuri ɗaya kullum, ko madubi mai maɓallin gyara wannan.

Na uku shi ne cikin bututu. Akwai layuka murɗaɗɗu a ciki masu sa harsashi juyawa kamar katantanwa don ya tafi a miƙe. A Kar98k harsashi yana zagaye ɗaya a kowane santimita 24. Da gudun mita 760 a daƙiƙa, ka lissafa da kanka, ya kai juyi kusan 190,000 a minti. Jikin harsashi yana barin jan ƙarfe a kan layukan nan, in ya taru sai saiti ya lalace, kuma akwai sinadarai na musamman masu narkar da shi. Babbar cutar tsofaffin bindigogin soja kuwa tsatsa ce. Makunnin da ke gindin tsofaffin harsasai yana ɗauke da sinadarin da in ya ƙone yake barin wani irin gishiri a cikin bututu. Gishirin yana jawo danshi, in ba a wanke da ruwa an shafa mai ba, cikin 'yan kwanaki tsatsa ta fara cin ƙarfe.

A nan ne wayarka ta sake shigowa. Da, na'urar leƙa cikin bututu tana da tsada, sai wurin maƙeran bindiga. Yanzu kamfanoni irin su Teslong suna sayar da siririyar kyamara mai fitila da ƙaramin madubi a baki, wadda ake jona ta da waya ta USB, a ga cikin bututu a kan allo. Wurare biyu ake dubawa da kyau. Na farko maƙogwaro, wato daidai inda layukan suka fara a gaban ɗakin harsashi, domin nan ne zafin albarushi ke fara cinyewa. Na biyu leɓen bakin bututu, wurin da harsashi ke rabuwa da bindiga. In leɓen ya ci a gefe ɗaya, iskar albarushi za ta riga fita ta wannan gefe ta ture gindin harsashi. Yawanci shara ta baki da sandar ƙarfe ce ke jawo wannan, shi ya sa ake cire sakata a yi shara ta baya. Maƙeri yana iya sake yanka leɓen da kuɗi kaɗan. Amma a kula, kyamarar nan tana girmama komai, ƙaramin tabo sai ya zama kamar kwazazzabo. Bututu da yawa masu munin gani suna harbi lafiya ƙalau. Takardar da aka harba ita ce alƙali, ba hoton kyamara ba.

Harsashi: wuri ɗaya da kuskure ke iya kashe mutum

Kowace bindiga tana da harsashin da ya fi karɓar ta, kuma gwada kamfanoni uku ko huɗu da nauyi daban-daban yakan kawo sauyi fiye da gyare-gyare masu tsada. Amma a kan Mauser akwai tarko. Harsashin da ake kira 8×57 iri biyu ne. Na asali, na 1888, kaurinsa inci 0.318 ne. A farkon shekarun 1900 Jamus ta koma mai kauri inci 0.323, wanda ake sa wa alamar S. Kar98k ta soja mai S ce, amma wasu tsofaffin bindigogin farauta na Jamus sun ci gaba da zuwa da ƙaramin bututun. Cusa mai kauri a ƙaramin bututu yana ɗaga matsin ciki zuwa matakin haɗari. Hukumar C.I.P. ta Turai ta sa iyakar matsin mai S a ba 3,900, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba biyu da 'yan kai. Saboda tsoron wannan ruɗani ne kamfanonin Amurka suka daɗe suna rage ƙarfin harsashin da suke sayarwa da sunan 8mm Mauser. Ban da haka, maƙera sun sauya wa dubban Mauser bututu ko ɗakin harsashi zuwa wani girma, wani lokaci ba tare da sun buga sabon suna a jiki ba.

Akwai kuma batun sakatar da ba ta asali ba. Kar98k da yawa da Tarayyar Sobiyat ta ƙwace lokacin yaƙi an wargaza su an sake haɗawa da sassan juna. In sakata ba ta zauna daidai ba, tazarar da ke tsakanin fuskarta da gindin kwanso tana iya yin yawa, kwanso ya tsage, iska mai zafi ta dawo fuskar mai harbi. Maƙeri yana da ma'aunai na ƙarfe da yake gwada wannan cikin minti biyar. Duk tsohuwar bindigar da ba a san tarihinta ba, wurinsa take fara zuwa kafin a yi maganar saiti.

Ƙota da rawar bututu

Idan aka harba, bututu yana girgiza kamar bulala, bakinsa yana lilo, duk a cikin ɗan lokacin da harsashi ke ciki, wanda bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Ba a iya hana wannan rawa. Abin da ake nema shi ne ta zama iri ɗaya a kowane harbi, don harsashi ya riƙa fita lokacin da baki yake wuri ɗaya. Duk abin da ke taɓa bututu yana sauya rawar, kuma katako ba shi da alƙawari. Ka san yadda ƙofar katako ke kumbura da damina ta ƙi rufuwa, da hunturu kuma ta saki. Haka ƙotar bindiga take yi. Wanda ya saita tasa da rani yana iya fita farauta lokacin sanyi da danshi ya tarar katako yana tura bututu gefe.

Gyaran da aka fi sani shi ne a rarake hanyar da bututu ke kwanciya a cikin ƙota har ya zama ba ya taɓa komai daga gindinsa zuwa baki. Amurkawa suna gwadawa da takardar dala, su zura ta ƙarƙashin bututu su ja, in ta wuce ba ta maƙale ba, to a sake yake. Abokin wannan aiki shi ne yi wa ƙarfen shimfiɗa. Ana zuba gam mai haɗi biyu, dangin Araldite amma na musamman, a cikin ƙota, a shafa wa ƙarfen abin da zai hana shi mannewa, a kwantar da shi a ciki har gam ya bushe. Sakamakon shi ne gurbi da ya yi daidai da jikin ƙarfen kamar an zuba shi, don ya riƙa komawa wuri ɗaya bayan kowane tokari. Wasu suna ƙara bututun alminiyum a ramukan notuna don ɗauri ya zama ƙarfe kan ƙarfe.

Sai dai wannan ba doka ba ce. Siraran bututu wani lokaci sun fi natsuwa in katako yana ɗan tokare su daga ƙasa kusa da ƙarshen ƙota, kuma Lee-Enfield No. 4 ta Ingila da irin wannan tokari aka tsara ta tun daga masana'anta. Masu wayo suna gwaji kafin su taɓa katako: su sa 'yan yankan kati a ƙarƙashin ƙarfen don bututu ya ɗan ɗaga ya daina taɓa ƙota, su harba goma su gani. In babu ci gaba, su cire katin, ba a yi asarar komai ba. Duk mai rubuta manhaja zai gane wannan, gwaji ne a reshe kafin a taɓa ainihin aiki. Katakon da aka rarake kuwa ba ya dawowa.

Wannan ya kawo mu ga wani hukunci da nake ganin ya kamata a faɗa kai tsaye. Kar98k da take yadda ta fito, lambobin sassanta duk iri ɗaya, bai kamata a huda ta ko a yanke ta ba. Ɗora mata madubi yana buƙatar huda ƙarfe, da sauya lanƙwasar mariƙin sakata, da sauya makullin kariya da ke baya tun da na asali yana karo da madubi. Da zarar an yi haka darajarta a wurin masu tara kayan tarihi ta faɗi warwas, kuma sau da yawa kuɗin aikin ya isa sayen sabuwar bindigar farauta mai araha wadda za ta fi ta saiti. Gyare-gyaren nan na waɗanda aka riga aka sauya ne tun zamanin kakanni.

Kunama

Kunama ba ta sauya yadda bututu ke jefa harsashi, amma tana sauya yadda mutum ke riƙe bindiga a daidai lokacin harbi. Ta soja mataki biyu gare ta, kuma nauyin janta yakan kai kilo biyu da rabi ko fiye. Ka ja wannan nauyi da yatsa ɗaya a jikin bindigar da duka-duka kilo huɗu ce, dole baki ya motsa. Ga shi kuma allurar Mauser tana da nauyi da doguwar tafiya, don haka akwai ɗan jinkiri tsakanin sakin kunama da tashin harsashi, wanda ke ba motsin hannu damar yin ɓarna. Kamfanin Timney ya fara ne a 1946 da ƙera kunamu na musanya don irin waɗannan bindigogin soja, kuma har yanzu yana yi. Mafarauta sukan tsaya wajen kilo ɗaya da rabi, domin yatsan da sanyi ya kama ba ya jin kunama mai laushi sosai.

Abin da ba a yi shi ne goge haƙoran kunama da magagari a gida. Taurin ƙarfen a fatar sama kawai yake, in an cinye ta sai haƙoran su riƙa lalacewa har bindiga ta tashi da kanta in an rufe sakata ko ta faɗi. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga matsalar kunama ba: a 2014 Remington ta yi kiranyen bindigogin Model 700 masu kunamar X-Mark Pro saboda wasu suna iya tashi ba a ja ba.

Na'urorin zamani: wanne ne ya cancanci kuɗinsa?

A 2023 Garmin ta fitar da Xero C1 Pro, ƙaramar na'ura da ke shiga aljihu, mai auna gudun harsashi da rada ta tura sakamako zuwa waya, a kan kusan dala 600. Akwai kuma manhajojin lissafin tafiyar harsashi irin su Hornady 4DOF da Applied Ballistics, waɗanda ake ba su gudu da nauyin harsashi da yanayin iska su faɗi yawan faɗuwarsa. Kayan suna da ban sha'awa, amma mu yi lissafi. Harsashi mai gudun mita 760 a daƙiƙa yana kai mita 100 cikin kusan daƙiƙa 0.14, a wannan lokaci nauyinsa ya ja shi ƙasa da wajen santimita 9. A mita 300 faɗuwar ta kusa mita ɗaya. In gudun harsasai biyu ya bambanta da mita 15 a daƙiƙa, wato kashi 2 cikin 100, faɗuwarsu za ta bambanta da kashi 4 cikin 100, tun da faɗuwa tana bin lokaci sau lokaci ne. A mita 100 wannan bai kai rabin santimita ba. A mita 300 bai wuce santimita 4 ba. Wanda ramukansa ke warwatse santimita 10 a mita 100, matsalarsa ba gudun harsashi ba ce, rada ba za ta nuna masa komai ba.

Wa ya fi kuskure, bindiga ko mai ita?

Kurakuran da ba su da alaƙa da juna ba a tara su kai tsaye. Ana ninka kowanne da kansa, a haɗa, a ɗauki tushe. Mu ce bindiga tana yin MOA 2 a kan tebur, shi kuma mafarauci in ya durƙusa a daji, numfashi na sama-sama, hannunsa yana ƙara MOA 4. Jimla ita ce tushen 4 da 16, wato tushen 20, kusan 4.5. Ya kashe kuɗi ya sauya bututu, bindiga ta koma MOA 1: tushen 17, kusan 4.1. A mita 200 ya rage santimita 2 ke nan daga cikin 26. To a ce bai taɓa bindigar ba, ya samo sandunan dogarawa ya yi atisaye har nasa kuskuren ya sauko MOA 2: tushen 8, kusan 2.8, wato santimita 16 a mita 200.

Lambobin nan suna da ma'ana domin wurin zuciya da huhun barewa faɗinsa wajen santimita 20 ne. Taron santimita 16 yana ciki, na 26 ba ya ciki. Abin da ya faɗa waje shi ne dabbar da aka fasa wa ciki ko aka karya wa ƙafa, ta gudu ta mutu a daji bayan kwanaki, babu nama, sai azaba. Shi ya sa gwajin da gogaggun mafarauta suka fi yarda da shi ba a kan tebur ake yi ba. Faranti na takarda mai faɗin santimita 20 ake kafawa, a harba daga irin zaman da za a yi a daji, a riƙa ƙara nisa. Inda aka fara kuskuren faranti, nan ne iyakar wannan mutum da wannan bindiga.

Sannan a farauta harbin farko ne ke da muhimmanci, daga bututu mai sanyi, kuma a wasu bindigogi wannan harbi yana faɗawa ɗan nesa da sauran, musamman in an bar mai a cikin bututu bayan shara. Hanyar gano shi tana buƙatar haƙuri: takarda ɗaya ake ajiyewa, duk ranar da aka je fili a yi mata harbin farko kawai, a rubuta kwanan wata, da zafin ranar, da ko an share bututu ko ba a share ba, a Google Sheets ko a littafi. Bayan zuwa goma an samu taron harbi goma na bututu mai sanyi, kuma a kan tsakiyar wannan taron ake murɗa madubi.